Fuskar Inna Tumba

A unguwar Ƙasan Gada, inda jiragen haya ke wucewa ta saman rufi, akwai wata tsohuwa, Inna Tumba, da jikarta Hindatu mai shekara tara. Ba su rasa ci da sha ba. Abin da suka rasa hoton Inna ne, ga shi jikinta ya fara ƙi. Ita kaɗai ta rage a birnin mai tsagar Gobir a kumatu, don an daɗe da daina yi.

Suka je shagon Malam Na'Allah, inda injin ɗaukar hoto mai suna Mai-Ƙawa yake. Injin ya koyi kyau ne daga fuskoki miliyoyi. Kujerarsa na juya mutum da kanta, ƙananan fitilu kuma na shawagi kamar ƙudan zuma suna neman inda za su zuba haske. Haske daga gefe yana fito da kowane layi na fata, haske daga gaba kuwa yana shafe shi. Mai-Ƙawa bai taɓa zaɓar gefe ba.

Inna na zama kujera ta karkatar da ita, ta ɗaga mata haɓa, fitilun suka taru a gabanta. Hoton ya fito: mace mai sumul ɗin kumatu.

"Wace ce wannan?" in ji Inna.

Malam Na'Allah ya ce ai ita ce, injin ya gyara tabo ne kawai.

"Tabo? Kai yaro, kakana ne ya riƙe ni aka yi mini wannan tsagar. Da ita ake sanin gidanmu tun daga bakin kasuwa."

Ta ce a sake. Kujera ta sake juya ta. Inna ta kafa ƙafa a ƙasa ta murɗo kanta gefe, fitilun suka bi ta. Ta kai wa ɗaya duka da sanda. Malam Na'Allah ya rantse babu maɓallin da zai hana, kuma tsofaffin kyamarori an narkar da su tuntuni, wayoyi ma dukkansu da ƙwaƙwalwar injin suke aiki.

Sai Inna ta miƙa wa jikarta hoton, ta ce ta faɗa wa Malam Na'Allah gaskiya.

Hindatu ta duba, ta ce a hankali, "Inna, kin fi kyau a nan."

Tsohuwar ta ɗauki sandarta ta fita.

A hanya Hindatu ta riƙa kallon hotunan da ke bangon shaguna, na amare da na mamata. Duk haɓa ɗaya, kumatu ɗaya. Ta ɗaga kai ta dubi kakarta, rana na dukan ta daga gefe, kowane layi ya fito. Nan ta gane cewa ranar da Inna ta rasu, babu abin da zai rage a birnin da zai nuna yadda fuskarta take.