Ranar Yanke Raga a Harlow Creek

Wayyo maraici! Daren Juma'a, duk garin Harlow Creek ya ɗunguma zuwa zauren wasa na makaranta, amma Wendell Pruitt na tsaye a garken aladu da bokiti a hannu, sanyin jihar Indiana na ratsa masa ƙashi. Yaron da duk jiha ke cewa shi zai ɗauki kambun gwarzon ƙwallon kwando na 'yan sakandare a bana, ya sa rigar gwarzo mai lamba ɗaya... shi ne aka hana taka fili! Tun yana ƙarami iyayensa suka rasu a gobara, baffansa Royce ya ɗauke shi, ba don Allah ba sai don gonar da suka bari. Abinci sai an gama ci a ba shi saura, kwana a ɗakin saman rumbu. A jikin rumbun nan ya kafa tsohon kwando, ya koya wa kansa jifa har yatsunsa suna tsagewa.

Abin da ya faru kuwa, wata Lahadi Colby, ɗan Royce, wanda shi da Wendell ke wasa a ƙungiya ɗaya, ya sha giya ya yi tatul, ya ɗauki motar gona ya ruguje shingen coci. A dokar makaranta, ɗan wasan da aka kama da giya ya gama wasa a shekarar. Royce ya tsare Wendell a ƙofar rumbu.

"Kai ka tuƙa motar. Ka ji ni?"

"Baffa, ni fa ina garke! Ko ɗanɗanon giya ban sani ba..."

"Rufe min baki! Wa ya ciyar da kai har ka yi wannan tsawon na banza? Ko ka amsa, ko ka tattara tsummokaranka yau ɗin nan."

Wendell ya dubi Colby, wanda ya duƙar da kai, ya tuna tare suka tashi. Sai ya haɗiye kukansa ya ce, "To, Baffa."

Royce kuwa ɗan majalisar makaranta ne, wa zai ƙaryata shi? Aka dakatar da maraya. Jami'ar da ta yi alkawarin ɗaukar karatunsa ta janye. Matan coci da ke masa kek ɗin tuffa suka daina amsa gaisuwarsa. Mu mutanen garin nan, in faɗa muku gaskiya, ba mu da kunya: jiya muna ɗaga yaro sama, yau muna tofa masa yawu! Koci Stroud, mai horar da su, shi kaɗai zuciyarsa ta ƙi yarda.

"Ɗana, dube ni. Kai ne?"

"Koci, don Allah bar maganar."

Daga baya Koci ya roƙa aka bar shi yana zama a ƙarshen benci da kayan gida. Nan ma bai tsira ba, ɗaliban abokan hamayya suna ganinsa sai su ɗauki waƙa, "Mashayi! Mashayi! A ba shi kwalba!" Ya koma rumbu ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ya Ubangiji, kai ka ga komai... Ban roƙe ka kambu ba, ka dai wanke min sunan mahaifina."

A haka aka kai wasan ƙarshe na shiyya, Harlow Creek ta ci da ƙyar. A al'adarmu, in an ci sai a kafa tsani a ƙarƙashin kwando, kowane ɗan wasa ya hau ya yanki zare ɗaya na ragar kwandon ya ajiye har tsufansa. Wanda bai yi wasa ba ba ya hawa. Wendell ne aka ce ya riƙe tsanin. Colby ya hau da almakashi, ya leƙo ƙasa, ya ga ɗan'uwansa ya riƙe masa tsani da hannu biyu kada ya faɗi, har yana masa murmushi.

Colby ya kasa yanka. Almakashin ya faɗo.

"Ni ne!" ya yi ihu, muryarsa na karyewa. "Ni na sha giya, ni na tuƙa motar! Babana ya tilasta masa! Wallahi Wendell bai yi komai ba!"

Royce ya miƙe yana cewa, "Sauko, shashasha! Ka haukace ne?" Amma ina! Mutanen da ke gefensa suka fara matsawa, har ya rage shi kaɗai a layin kujeru. Kafin mako ya zagayo an cire shi daga majalisa, kotu ta karɓe gonar ta mayar wa Wendell, ko a shagon shan kofi ba mai ja wa Royce kujera.

Aka mayar da Wendell fili, ya yi wasan da har yau ake labarinsa a gasar jiha, kuma da masu horarwa da 'yan jarida suka jefa ƙuri'a, sunansa ya fito a matsayin gwarzon shekara. Ranar biki a babban birni, mai sanarwa, da bai san komai ba, ya ɗaga rigar ya ce, "Iyayen gwarzo su fito su sa masa!"

Wendell na tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Can sai Koci Stroud ya taso, matan coci suka biyo shi suna kuka, sai sauran mutanen garin, har da Colby a baya yana jan ƙafa. Koci ya zura masa rigar, ya gyara masa kafaɗa.

"Ta zauna maka, ɗana."

Wendell ya shafa lambar da ke ƙirjinsa, ya dubi taron da ya kewaye shi fuska bayan fuska, sannan ya fashe da kuka.

"Na gode, Koci... amma Mama nake nema."