Na Bar Maka Ita

Sau uku ya wuce ta a safiyar da ta fara ganinsa. Dogo ne mai jar riga, yana cin zagayen filin wasan kamar wanda aka biyo da sanda. Malama ba ta ƙara sauri ba, don ta san irinsu. A zagaye na takwas ta same shi rungume da shingen ƙarfe, baki buɗe, yana kokawa da numfashi.

"Sannu," ta ce tana wucewa. "Wa ya biyo ka ne?"

Sai da ta sake zagayowa ya ɗaga hannu ya ce, "Babu kowa... ke nake so... ki gan ni."

Dariyar da ta kama ta sai da ta ɓata mata taku. Da suka zauna shan ruwa ta ji cewa gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago kusa da gidan waya.

"Kai da kake daidaita wa jama'a lokaci, ka kasa daidaita naka?" in ji ta. Daga ranar ya zama Mai Agogo a bakinta.

Ita lissafi take koyarwa a sakandare, amma gidansu gidan tsere ne. Duk shekara sukan shiga wani tseren haɗin gwiwa mai gaɓa huɗu. Ita ke buɗewa da gudun kilomita biyar, ta ɗaura wa yayanta madaurin ƙafa mai ƙirga lokaci ya faɗa tafki, shi ya miƙa wa Babansu a kan keke, sannan wani ya rufe da gudun kilomita goma. Bana Baba zai yi na ƙarshe, gwiwarsa ta fara yi masa gardama. Ga shi wanda ya saba rufe musu ya ƙaura.

Baba ya riga ya ɗora ido a kan ɗan amininsa, wani likitan haƙori mai natsuwa, wanda gudunsa da maganarsa duk a aune suke. Likita yana son gaɓar ƙarshen, yana kuma son Malama, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ita kuwa girmama shi kawai take yi. Don haka ta roƙi Baba ya bar Mai Agogo ya gwada, aka ce wanda ya fi a cikinsu nan da wata uku shi zai rufe.

Gudun hira ta fara koya masa.

"Dokar ɗaya ce," ta ce. "Za mu yi ta magana muna tafe. In ka kasa ƙarasa jimla, ka yi sauri da yawa."

Makon farko ko sunan unguwarsu bai iya ƙarasawa ba. A na uku ya ba ta labarin kakansa da ya bar masa shagon, da agogon bangon da ya shekara biyu yana neman masa ɗan ƙarfe guda. Ranar Laraba su hau tudun bayan asibiti sau shida, Asabar su yi dogon gudu a bakin tafki. Su dawo ƙofar gida ya durƙusa yana koyon cire madauri daga ƙafar Baba ya ɗaura a tasa, Malama na ƙirga masa daƙiƙa tana tsokanarsa.

Wata Asabar, a kilomita na bakwai, ya ce, "Malamata, ina son ki, kuma so nake in aure ki, in kin ga ɗalibin naki ya ci jarrabawa."

Duk tsawon jimlar bai yi haki ba. Ita ce numfashinta ya sarƙe. Ta yi taku ashirin kafin ta ce, "Ka rage sauri mana."

"Ai ke kika ƙara."

Da rana saƙonsa ya shigo. "Agoguna arba'in ne a shagon nan, duk na duba su, duk sun ce sauran awa goma sha bakwai in gan ki. Ina ganin sun lalace."

Ta amsa masa, "Lafiyarsu ƙalau, mai gyaran ne ya lalace. Ni ma ina son ka. Ka sa ƙanƙara a ƙafa."

Baba yana shafa wa sarƙar kekensa mai a gareji ta kai masa maganar. Bai ɗago ba.

"Yaron nan ba ni da abin faɗa a kan halinsa," ya ce. "Amma na shekara talatin ina kallon masu gudu. Wanda ke ƙone kansa a kilomita biyun farko don a tafa masa, haka yake a komai. Bai san inda zai tsaya ba. Ba zan ba shi 'yata ba."

"Baba, ya canja fa."

"Don kina gefensa ne. Ranar da ba kya nan fa?"

Ta fita da hawaye. Maganar ta yi mata zafi, musamman da ta san akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mai Agogo da ya ji, sai ya ƙara zagaye a ɓoye, safe da yamma, don ya nuna wa Baba shi ma namiji ne.

Saura kwana goma tsere, tana ɗakin malamai tana duba takardun jarrabawa, saƙo ya shigo daga gare shi. Layin farko ya nuna mata ba ita aka nufa da shi ba.

"Likita, na yi tunani sosai. Na bar maka ita. Ka fi ni dacewa da ita, kuma kai Baba yake so tun farko. Na so ta har raina, amma ba zan iya ba. Don Allah ka bi ta a hankali, farkonta da daɗi amma tana da wuya daga baya."

Ta karanta sau uku. Jan biron da ke hannunta ya huda takardar wata ɗaliba. Ita za a bari? Ita ce mai wuya daga baya? Ana kaɗa ƙararrawar tashi ta ɗauki jakarta, ko sallama ba ta yi wa kowa ba.

Ta same shi a shago, a bayan teburin aikinsa, gilashin ƙara girma manne a ido ɗaya. Ta ajiye wayar a gabansa har ƙananan sukurori suka yi tsalle.

"Ni keke ce da za ka bar wa wani? Kuma me na yi maka daga baya?"

Ya cire gilashin ya karanta. Ya dube ta, ya sake duban wayar, ya dafe kai.

"Wayyo ni! Gaɓar ƙarshe, Malamata. Gaɓar nake nufi! Farkonta gangara ce, tudun yana kilomita na takwas."

Sai a lokacin ta lura da ƙafarsa ta hagu a kan kujera, naɗe da tawul da ƙanƙara. Ƙashin ƙaurin ne ya yi ɗan tsagu saboda ƙarin zagayen da ya yi. A asibiti an ce da maganin kashe zafi zai iya lallaɓawa ya yi gudun, amma yana iya zubewa a hanya.

"Da zan iya yin shiru," ya ce. "Amma tseren Baba na ƙarshe ne. Ba zan yi caca da shi don in burge shi ba, ko da hakan zai sa ya ce dama ya faɗa."

Ta zauna a kan benci tana kuka tana dariya, ta rasa wanda za ta fara dainawa.

"To ni fa?"

"Ke? Ko duk likitocin duniya sun yi layi ba na barin ki."

Da ta koma gida ta karanta wa Baba saƙon, ta faɗa masa zancen ƙafar. Yaya ya yi dariya har ya ƙware. Baba kuwa ya sa ta maimaita masa abin da yaron ya ce game da caca.

Ranar tsere Mai Agogo ya zo da sandar dogarawa, ya tsaya a wurin miƙa madauri da robar ruwa da tawul. Malama ta yi gudunta mafi kyau, Yaya ya fito daga tafki yana tsuma, Baba ya shigo a kan keke fuska jiƙe. Likita ya cire madaurin ya kama hanya. Ƙafafun Baba suka ƙi ɗaukarsa, sai ga shi jingine da kafaɗar mai sanda, gurgu na tallafe da gajiyayye.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ka san da ka yi shiru ba wanda zai sani?"

"Ni zan sani, Baba."

Baba ya shanye ruwan, ya goge baki. "Ka gaya wa iyayenka ina jiran su."

A tseren, na goma sha ɗaya suka zo. Likita, mutumin kirki, shi ya fara yi musu murna, ya kuma roƙi a tura masa saƙon nan tunda har yau bai same shi ba.

Bayan wata huɗu, ƙafa ta warke, aka ɗaura aure. Da za su tafi sabon gidansu Baba ya rako su har bakin mota. Ya sa wa 'yarsa albarka, ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya ta gari. Sannan ya riƙe hannun angon da hannu biyu.

"Na yi kuskure a kanka, ɗana," ya ce. "Ban taɓa jin daɗin kuskure kamar wannan ba. Allah ya yi muku albarka."