Hannun da Ya Taɓa Kifi

"Miƙo hannunki," in ji Ayi.

Sharvari ta miƙa. Mahaifiyar tata ta sunsuna yatsun, ta saki. Lemon tsamin da Sharvari ta goga a tashar jirgin ƙasa bai kashe ƙarnin ba.

"Kifi ne?"

"Eh, Ayi."

"A ina?"

"Ajin girkin Anti Dolsi, a unguwar Dadar... duk Asabar."

Tun zamanin kakanni, nama ko kifi bai taɓa shiga gidansu ba, ko ƙwai. Tejas kuwa, saurayinta da suke aiki tare, ɗan masunta ne. Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, matar ta yi dariya ta ce, "Wadda ba ta taɓa kifi, me za ta ba ɗana?" Tejas ya ce wasa ne. Sharvari ba ta ɗauke shi wasa ba.

Asabar ɗin farko amai ta yi ta yi. Anti Dolsi ta jira ta fito daga banɗaki, ta sake miƙa mata wuƙa. A hankali ta iya kankare kifi, ta iya niƙa kwakwa da jan barkono da tsamiya. Ɗanɗanawa ce ta gagare ta.

"'Yar nan, wa zai gaya miki gishiri ya ji?" in ji Anti. "Ni za ki ɗauka zuwa gidan mijin?"

Tejas ma ya roƙe ta. "Rabin raina, bar wahalar nan. Na yarda in ci wake da shinkafa har in mutu."

"Kai ka yarda. Mamarka fa?"

Yanzu ga Ayi tsaye, tambaya ɗaya ta rage mata.

"Kin kai bakinki?"

"Yau... na ɗanɗana."

Ayi ba ta yi faɗa ba. Ta je ta wanke hannu, ta dawo.

"Ki aure shi, ba zan hana ki ba. Sai dai ni da cin girkinki har abada."

Aka yi biki bayan damina. Ayi ta yi duk abin da uwar amarya ke yi.

Sai da aka kwana biyu ta ziyarce su. Ta zo da abincinta a kwano, da ruwanta a gora. Sharvari ta dafa mata ganye a sabuwar tukunya, Ayi ba ta ko kalla ba. Sharvari ta shiga kicin ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito.

Ta tarar da Ayi zaune a ƙasa, ta kwance gashinta.

"Kaina ke ciwo. Kina da man kwakwa?"

"Ayi... da hannun nan?"

"Girkinki na ce ba zan ci ba. Zauna ki shafa min."