Sawun Takalmin Barmo a Gidan Sufaye

Da hantsi aka kira Insfekta Luo zuwa wani tsohon gidan sufayen Buddha a Guangzhou. An sace sassaƙaƙƙen katako guda daga ƙarƙashin rufin babban zauren da ake gyarawa.

Luo ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Kai, mutanen da sun yi aiki! Shekara kusan dubu jajayen ginshiƙai na ɗauke da rufin nan, katako ya sarƙe cikin katako kamar yatsun hannu, babu ƙusa ko ɗaya. Sau biyu gobara na cin wani ɓangaren gidan, sufaye na sake tayar da shi yadda yake.

Zhou, shugaban masu gyaran, ya nuna sawun takalmi cikin garin farar ƙasa.

"Na baƙon nan ne, Yallaɓai. Kullum yana nan yana zane-zane."

Aka ɗauko baƙon daga Xiaobei, unguwar 'yan Afirka. Barmo sunansa, ɗan Maradi mai fataucin makullai, ɗan gidan kafintoci. In laifin ya hau kansa, kurkuku ne, sannan kora daga ƙasar.

Luo ya nuna masa sawun. "Na takalminka ne?"

"Nawa ne, Yallaɓai, amma wallahi ba ƙafata ce ciki ba. Jiya na fito na neme shi na rasa. Ƙafa-ƙasa na shiga jirgin ƙasa, ana ta kallona."

"A ina ka bar shi?"

"Bakin ƙofa mana! Wa zai taka wurin ibadar mutane da takalmi?"

Luo ya dubi bakin ƙofar. A nan kowa da takalminsa yake shiga. Tsohon sufin da ke sharar tsakar gida ya ce wata uku ke nan, bai taɓa ganin baƙon ya shiga da nasa ba.

Luo ya tsugunna kan sawun. Tsakiya ta nutse, goshin takalmin kuwa da ƙyar ya taɓa ƙasa. Ƙaramar ƙafa ce cikin babban takalmi.

Ya hau tsani ya shafa gurbin katakon. Sumul, ko karce babu.

"Zhou, yaya ake cire shi bai fashe ba?"

Alfaharin sana'a ya ɗebi mutumin. "Sai an zare na ukun da ke bayansa, sannan a ɗaga hagu."

"Wa kuma ya san haka?"

Luo ya sauko ya dubi ƙafar Zhou.

"Ɗora ƙafarka kan sawun nan."

Zhou bai ɗora ba. Ya zauna kan tsanin, ya ce katakon na cikin motarsa, wani dillalin kayan tarihi ne ke jiran sa. Takalmin Barmo ya sanya, don ya ɗauka babu mai sauraron baƙo.

Aka sa masa ankwa, aka yi gaba da shi.

Luo ya ba Barmo haƙuri, ya ce yana iya tafiya. Barmo bai motsa ba, idonsa na sama.

"Yallaɓai, ranar da za a mayar da shi, don Allah a kira ni in gani."