Gwal Ɗin da Ya Ƙi Ragi

A wannan rigima na rasa abu biyu: awarwaron gwal da marigayi mijina ya saya min, da ƙafar babbar 'yata a gidana. Na samu abu ɗaya: suruka mai taurin kai. Wanda yake ganin na faɗi, ya zo shagona ya gaya min ido da ido.

Tukwane da kwanuka nake sayarwa, da su na riƙe marayuna biyu. Duk layinmu an san ni, ba a cina a ciniki. Ko allura zan saya sai an rage min, kuma haka na tarbiyyantar da 'ya'yana.

Wata la'asar ina falo ina goge murafen tukwanen da suka yi ƙura a sito, Autana yana tsugune a bayan firji yana duba masa waya, don gyaran firji ne sana'arsa. Sai ga yayarsa ta faɗo ko sallama babu, ta naɗe wuya da mayafi kamar mai mura.

"Ina mai budurwar? Fito ka ga aikin masoyiyarka."

Ta yaye mayafin. Wuyanta ya yi kore zagaye, ga ƙananan ƙuraje. Ta wurga sarƙa a kan tebur, ta yi wata ƙara kamar cokali ya faɗi.

"A taron ƙawayena, Mama, a gaban kowa. Gumi kawai na yi, sai ji na yi wata tana cewa ko ganye na rataya."

Auta ya ɗauki sarƙar ya jujjuya. "Yaya, wannan ba kayanta ba ne."

"A fej ɗinta na intanet na gani. Ga hoton, ga hannunta riƙe da ita. Ko hannun ma ba nata ba ne?"

Yarinyar da ake magana, gwal take sayarwa ta waya. Sau ɗaya Auta ya kawo ta ta gaishe ni, na hango ɗan ƙaramin sikeli a jakarta, tun ranar na sa mata Mai-Sikeli. Ba ta kwanta min ba. Ni a sanina gwal da hannu ake saye, a ɗaga a ji nauyi. Wadda ke sayar da hoto, me zan kira ta?

Na ce, "Ka ji da kyau. Muddin ina numfashi, 'yar damfara ba za ta sha ruwa a kofin gidan nan ba."

"Mama, a kira ta mana a ji ta bakinta —"

"A ji me? Wuyan 'yar'uwarka bai ishe ka ji ba?"

Kafin gari ya waye Yaya ta kai magana wurin baffansu, wan mijina. Shi ne ya yi alkawarin ba Auta ɗaki biyu a gidan hayarsa idan aure ya tashi. Ya zo da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, ko zama bai yi ba.

"Ɗakunan nan na ba wani. Ka je ta sayar maka da gida a hoto."

Yaya kuwa ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki hoton wuyanta ta watsa a waya da sunan yarinyar, mata suka yi ta janye odarsu.

Auta ya daina cin abincin gidana. Yana dawowa daga aiki sai ya wuce ɗaki, hannu duk baƙin mai. Wata safiya ina shanya a bayan tagarsa na ji yana waya da Mai-Sikeli, ya sa ta a sifika.

"Mu je kawai a ɗaura, daga baya sa huce."

"Ban yarda ba," in ji ta. "Ita ta raine ka ita kaɗai. Ba zan shigo ta taga ba. Ka ci abincinta, don Allah, ka daina sa ta ƙara tsanata."

"To har yaushe?"

"Har ta gane. In ba ta gane ba, ka yi min addu'a in yi maka."

Na ji yana jan hanci. Ƙaton namiji, mai ɗaukar firji a kafaɗa. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan ta iya salon magana. Bari in kama ta da hannuna, in kawo masa shaida har gado.

Na je wurin maƙwabciyata a kasuwa, mai sayar da labule, na ce ta ara min wayarta. Ni rubutun waya ba ya min sauri, saƙon murya na iya. Ta nemo min lambar Mai-Sikeli a jikin katinta da Auta ya taɓa bari a shago. Na shaƙe murya na ce ni baƙuwa ce, ina son ɗan kunne da zobe, ta turo hoto.

Ba hoto ta turo ba, bidiyo ne. Ta fito da kayan bakin taga inda hasken rana yake, ta ce, "Kada ki yarda da hoto, Hajiya, ko murfin kwalba ana iya sa shi ya yi ƙyalli." Ta nuna sikeli yana kan sifili, ta ɗora, lamba ta fito. Ta matso da kyamara cikin zoben har na ga ɗan hatimi, takwas bakwai biyar.

"Wannan karat ashirin da ɗaya ke nan. Amma hatimi kaɗai bai isa ba, masu jabu ma suna bugawa."

Ta kawo mayen ƙarfe kusa, kayan ko motsi. Ta juya bayan ɗan kunnen, ta nuna ƙugiyar da wuraren haɗi.

"Nan ake duba. Idan ruwan gwal aka shafa, a nan yake fara koɗewa, ki ga wani launi a ƙasa. Zan ba ki rasit mai nauyi da karat. Ki kai wa maƙerin da kike so ya goga a dutse. In ya ce ba haka ba, ki dawo min da kayana ki karɓi kuɗinki."

Mai labule ta taɓe baki. "Ɓarauniya ce wannan?"

"Yi shiru. Ba a zo wurin ba tukuna."

Na tambayi kuɗi, ta faɗa. Na yi dariya na raba biyu, kamar yadda na saba.

"Allah ya ba da kasuwa, Hajiya, ba zai yiwu ba."

Na ce zan kawo mata mata goma. Na ce wata ta yi min tayin irinsa a rabin haka. Na ce ni gwauruwa ce mai marayu. Na yi fushi na kashe waya, na bari har washegari ko za ta biyo ni, irin yadda masu kaya ke biyo ni a kasuwa suna "dawo, kawo kuɗin." Ba ta biyo ni ba. Ni na koma.

Ta ce, "Kuɗin nan kashi biyu ne. Akwai kuɗin giram na yau, wannan ba nawa ba ne, ko'ina kika tambaya shi za a faɗa miki. Akwai kuɗin aiki, a nan zan iya taɓa miki kaɗan. Wadda ta ce za ta ba ki a rabi, ki tambaye ta me ya hana ta kai wa maƙeri ya narka ya ba ta cikakken kuɗinsa yanzu-yanzu."

Na ajiye wayar a cinya. Shekara nawa ina ciniki, na san wannan da tukunya. Tukunya mai kauri ba na sakinta, ta gwangwani ce nake cewa kawo abin da kike da shi. Sai na tuna ban taɓa tambayar 'yata nawa ta biya ba.

Saƙo ya sake shigowa. "Kuma Mama, ki daina wahalar da maƙogwaronki. Tun saƙon farko na gane muryarki. Ina wuni?"

Mai labule ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Na fizge jakata na fita. Abin da ya tsaya min a rai a hanya ba kunya ba ce. Yarinyar nan ta san ni ce, ta san aurenta yana hannuna, kuma ko ƙwandala ba ta rage daga kuɗin giram ba don ta saye ni.

Na tara su a falona: Yaya, baffansu, Auta, na sa aka kira Mai-Sikeli. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta rame, idanunta sun kumbura.

Yaya ta miƙe. "Mama, in wannan za ta zauna, ni tafiya zan yi."

"Zauna. Nawa aka ce miki sarƙar nan?"

Ta gyara zama da alfahari. "Dubu ɗari takwas. Na tsaya masa tsayin daka, irin naki, sai da ya sauko ɗari huɗu."

"Ya sauko? Namiji ne?"

"Ya ce shi yaronta ne."

"Ba ni da yaro, Yaya," in ji yarinyar.

"Kada ki ƙara ce min Yaya, ban haɗa komai da ke ba."

Na ce, "Ya nuna miki a sikeli?"

"Ya turo hoto."

"Ya ce ki kai wa maƙeri?"

"Ya ce saura ɗaya, in ban biya a lokacin ba wata za ta ɗauka."

"Da wuyanki ya yi kore, kin kira shi?"

Auta ya ce, "Bulokin ɗinta ya yi, Mama, kiranta ba ya shiga. Shi ya sa ta zo nan."

Mai-Sikeli ta matso da wayarta ta ɗora kusa da ta Yaya. Hoto iri ɗaya, hannunta ne a duka biyun, amma a na Yaya an yanke gefen da lambarta take, an sa wata. Ta ce ta daɗe tana kai ƙarar shafin, a rufe su buɗe wani. Ta ɗauki koriyar sarƙar ta nuna mana ƙugiyar, jan ƙarfe ya leƙo ƙuru-ƙuru.

Na dubi 'yata. "Gwal ya sauko rabi, ke kuma kika yi murna? Tukunya kika ɗauke shi?"

"Ke kika koya min, Mama."

"Na koya miki neman ragi. Ban koya miki ki ga an ba ki da sauƙi ki ƙi tambayar dalili ba. Ki cire hoton da kika watsa, ki faɗa wa matan nan gaskiya."

"In ba wannan haƙuri? Allah ya kiyaye."

"Ban nemi haƙuri ba," in ji yarinyar, hawaye na zuba. "Sunana kawai nake so."

Yaya ta suri jakarta. "Kin zaɓi bare a kaina. Ki riƙe ta." Ta buga ƙofa har labule ya faɗo. Hoton ta cire shi daga baya, da mijinta ya matsa mata, amma har yau ba ta tako gidana ba.

Baffansu ya share maƙogwaro. "To, ko ma dai yaya ne, ni na riga na yi magana. Ɗaki babu."

"Riƙe ɗakunanka," na ce. "Ɗan'uwanka bai bar ni hannu wofi ba."

Da ya fita na shiga ɗaki na ciro awarwarona biyu daga ƙasan akwati. Marigayi ya saya min su shekarar da aka haifi Auta, ban taɓa bari ko 'yata ta gwada ba. Na dire su a gaban yarinyar.

"Fito da sikelin naki. Kuɗin hayar gida nake nema wa wannan mai kukan."

"Mama, kada ki sayar saboda mu," in ji Auta.

"Da kai nake? Je ka ci abinci."

Ta auna, ta duba hatimi, ta daɗe tana jujjuya ɗaya. Sai ta ce a hankali, "Gwal ne mai kyau, Mama, irin na da. Amma wannan ya taɓa karyewa, an liƙe shi da dalma. Sai an cire nauyin wurin."

"Ke, a gidana? Ko auren ba a ɗaura ba kin fara yi min ƙwauro?"

"In na ɓoye, wadda zan sayar wa zan cuta."

"Miliyan biyu, ko in mayar akwati."

"Bai kai ba, Mama."

"Auta, zo ka fitar min da wannan."

Auta yana daga kicin, baki cike da abinci, yana dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

'Yan mata masu saye a waya, ku ji daga bakin wadda ta tsufa a kasuwa. Kada ƙyallin hoto ya ɗauke ku. A nuna muku kaya a hasken rana, a kan sikeli, ku ga hatimi, ku ga ƙugiya, a yarda ku kai wa maƙeri ku dawo da shi. Wanda ke gaggauta ku, kuma yake zubar da farashi da kun ɗan matsa, ku gudu. Haka mutum ma yake. Yarinyar nan an zage ta, an kashe mata kasuwa, ta yi haƙuri ba ta rama ba, kuma ba ta rage gaskiyarta don a so ta ba. Yau ita ce matar ɗana, a gidan da suka kama kusa da shagonsa.

Cinikin awarwaron kuwa sai da muka kai magariba. Na tashi na zauna, na mayar da su akwati na sake fitowa da su. Ta yafe ladanta na dillanci, na ce ba na son sadaka, ta ce to ta rage rabi. A kan dalmar nan ko gezau ba ta yi ba. Na ƙirga shekaruna a kasuwa, ba wanda ya taɓa tsayar da ni haka.

Na miƙa mata su na ce, "Miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin. Na sallama. Kuma ki rubuta min rasit."