Daɓen Allura

Ana gab da magariba na koma siton da muke ginawa a bayan Kalgo, don in ba sabon daɓen ruwa. Ni kaɗai ne. Jikina ne kawai a wurin, hankalina yana Gwandu, inda matata Rahama ta kwana biyu tana naƙuda, haihuwa ta ƙi zuwa.

Daɓen nan ba rodi a cikinsa. Wasu 'yan wayoyin ƙarfe ne kamar allurai muka juye buhu-buhu cikin kankare, wai ko tirela ta hau ba zai tsage ba. Ranar zubi sauri ya hana mu ce wa mutanen ɓoye "a gafara" kamar yadda magina suka saba. Injiniya ya ce motar kankare ba ta jiran camfi, mu kuma, Allah ya shirye mu, muka yi dariya.

Na buɗe tiyo. Warin jiƙaƙƙen siminti ya tashi. Sai na ji kukan jariri daga tsakiyar daɓen, inda babu komai.

A bakin daɓen wata doguwar mata ce a durƙushe. Tana miƙa ƙafa, tana janyewa kamar ta taɓa garwashi.

"Sahabi," in ji ta cikin raɗa. "Ƙarhe kunka zuba bisa hanyarmu, ko gahwara babu. Ɗana na ciki, ba ya iya hitowa."



"Baiwar Allah, mi zan yi?"

"Goyo shi. In nau bai hito ba, naka ma ba shi hitowa."

Wallahi na so in gudu. Rahama na tuna. Na yar da tiyo, na taka har tsakiya, na durƙusa ina bismilla. Wasu hannuwa masu sanyi suka zagaye wuyana.

Takun farko, nauyinsa kamar tulun ruwa. Na goma, kamar buhun siminti biyu. Kankaren da ya kwana uku da daskarewa ya fara nutsewa a ƙarƙashina. Alluran suka huda takalmin roba, suka shige tafin ƙafata.

Numfashinsa a kunnena, warin toka.

Nauyin ya kai ni ƙasa. Na ci gaba da rarrafe, ina kuka, ina kiran sunan Rahama.

Saura taku uku.

"Kak ka waiwaya," in ji matar.

Na faɗa kan ƙasa rub da ciki. Nauyin ya ɗauke. Ban ɗaga kai ba sai da wayata ta yi ƙara. Yayata Indo ce, tana guɗa: Rahama ta sauka lafiya, mace.

Wata guda na yi ban taka ƙasa ba, kuma ban sake komawa aikin daɓe ba. Yarinyar, Asma'u, yanzu watanta takwas, lafiyarta lau. Abu ɗaya ke hana ni sukuni. Duk sanda na ɗauke ta, ba fuskata take kallo ba. Bayana take leƙawa, ta miƙa hannu, ta yi ta dariya.