Tsakuwa a Shinkafa, Ɓarɓashi a Inji

A wani gari can bakin kogi, an yi wani manomin albasa mai gaggawar tsiya. Wata rana injin ban-ruwansa ya tsaya, albasa kuwa ta fara yaushi. Ya ce ba sai an kira makanike ba. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance kan injin, ya goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli. Ɓarɓashin ƙarfe ya maƙale a 'yan ramukan da ke jikinsa. Ya hura sau ɗaya, fuu, ya ɗauko sifana zai ɗaure notuna.

Matarsa tana gefe tana tsintar shinkafa a faifai. Ta leƙo ta ce, "Maigida, ga saura can a ciki."

Ya ce, "Ɗan wannan? Inji ai ƙarfe ne, zai haɗiye."

Ta sake faɗa. Ya sake cewa zai haɗiye. Ya ɗaure notuna, ya ce bari ya ci abinci kafin ya tayar.

Sai ta daina tsinta. Ta hura shinkafar sau ɗaya, fuu, ta juye a tukunya.

A loma ta biyu aka ji ƙaras! Manomi ya dafe muƙamuƙi. "Haba! Tsakuwa?"

Ta ce, "'Yar wannan? Maigida ai namiji ne, zai haɗiye."

Ya wanke hannu, ya kwance notunan duka. Ya ɗauko kalanzir da tsohon buroshi, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta miƙo masa tsumma mai tsabta.

Kafin la'asar inji ya tashi, albasa ta sha ruwa. Shi dai manomi ya yi kwana bakwai yana tauna da gefe ɗaya.